Ranar Sallama: Tarihin Yadda Malaman Jinya Suka Bi Majinyaci Har Gida



Idan ka taɓa jinyar ɗanka ko mahaifiyarka a asibiti, ka san yadda zuciya take yin sanyi a lokacin da likita ya duba fayil ya ce yau za a sallame ku. Nan take hankali yakan bar ɗakin. Mai jinya ta fara naɗe tabarma, ana haɗa kwanuka da filas, maigida yana lissafin kuɗin mota, kowa yana duban rana don a kai Jabo ko Kebbe kafin duhu. A cikin wannan hayaniya ne malamar jinya take miƙo ledar magani tana bayani, ana amsa mata da "to, to", alhali kunne yana tasha.

Aikina haɗa magunguna ne a asibiti, kuma mafi yawan waɗanda aka sallama ta tagata suke bi kafin su fita. Abin da na gani a wannan taga shi ya sa nake so in ba ka tarihin wannan rana. Yadda ake sallamar majinyaci a yau ya bambanta da yadda ake yi a da, kuma bincike ne ya kawo sauyin. A kusan kowane mataki na binciken, malaman jinya ne suka yi aikin ƙafa: su suka auna, suka rubuta, suka bi mutane gida, suka dawo da labarin abin da yake faruwa bayan an fita ƙofar asibiti.

Zamanin da gado ne magani

A da, aikin asibiti na zamani ya ginu a kan tunanin cewa tsawon kwanciya shi ne rabin waraka. Mai tarin fuka a ƙasashen Turai yakan shafe watanni, wani ma shekaru, a gidajen jinya na musamman da aka keɓe nesa da gari. Mai haihuwa takan kwanta mako guda ko fiye. Da zarar kuwa an sallami mutum, asibiti ya sauke nauyi. Ba a da wani littafi da ake rubuta abin da ya same shi a gida.

Ɗaya daga cikin binciken farko da ya girgiza wannan tunani an yi shi ne a birnin Madras na Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai. A 1956 aka buɗe wata cibiyar binciken tarin fuka a can, domin masu cutar sun ninka gadajen da ake da su nesa ba kusa ba. Aka raba majinyata kusan 200 gida biyu: rabi aka kwantar da su shekara guda, rabi aka ba su irin maganin su sha a gida. Sakamakon da aka fitar a 1959 ya nuna cewa waɗanda suka sha magani a gida sun samu sauƙi kusan daidai da na kan gado, daga baya kuma aka gano cewa iyalansu ba su fi kamuwa da cutar ba. Sai dai akwai sharaɗi. Ba sakin su aka yi aka ce Allah Ya kiyaye hanya ba. Ma'aikatan jinya sun riƙa zagayawa gida-gida, ana ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ana gwada fitsari don a tabbatar an sha maganin. Tun daga nan darasin ya fito fili: gida yana iya zama wurin jinya, muddin akwai mai bibiya.

Malaman jinya sun karɓi alƙalami

Shekaru talatin bayan haka, wata malamar jinya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Dorothy Brooten, ta jagoranci nata binciken a kan jarirai bakwaini waɗanda nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Al'ada a lokacin ita ce a riƙe irin wannan jariri har sai ya kai wani nauyi da aka ƙayyade. Brooten da abokan aikinta suka ɗauki jarirai 79, suka sallami wani kaso da wuri, bayan malamar jinya ta koya wa iyaye kula da jaririn, ta je ta ga gidan da idonta, sannan ta ci gaba da ziyara da kiran waya. A 1986 aka buga sakamakon: jariran sun koma gida kimanin kwana 11 kafin sauran, ba su fi sauran dawowa asibiti ba, kuma kuɗin da aka kashe ya ragu.

Abokiyar aikinta Mary Naylor ta juya wannan dabara zuwa tsofaffi. A binciken da ta fitar a 1999, an bi dattawa 363. Waɗanda malamar jinya ta tsara musu sallama tun suna kwance, ta kuma bi su gida na wata guda, kashi 20 cikin ɗari ne aka sake kwantarwa a cikin mako 24. Waɗanda aka sallama yadda aka saba, kashi 37 cikin ɗari suka dawo.

A 2009 kuma wani asibiti a birnin Boston ya gwada wani tsari a kan mutum 749, wanda ya shafi irin aikina kai tsaye. Malamar jinya takan zauna da majinyaci ta rubuta masa takarda mai sauƙin fahimta: ga magungunanka, ga ranar dawowa, ga abin da za ka yi idan jiki ya rikice. Bayan kwana biyu zuwa huɗu, mai haɗa magunguna ya kira shi a waya su bi magungunan ɗaya bayan ɗaya. Dawowa asibiti a cikin wata guda ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Babu sabon magani a cikin wannan tsari, babu sabuwar na'ura. Zama ne da bayani da kiran waya.

Abin da Maradi ta koya wa duniya

Kada ka ɗauka labarin na Turawa ne kawai. Babban sauyin da ya fi shafar gidajenmu a ƙasar Hausa aka tabbatar da shi.

Kafin shekarun 2000, yaron da tamowa ta yi wa mummunan kamu sai an kwantar da shi kusan wata guda, ana ba shi madara ta musamman da ake damawa a asibiti. Ka yi tunanin uwa a tsakiyar damina, ga gona, ga sauran yara a gida, a ce ta zauna kwana talatin a gari mai nisa. Da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma da yawa sukan ɗauke yaron su tafi kafin lokaci. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, tare da Michel Lescanne, suka haɗa wani kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Ba ya bukatar ruwa, ba ya bukatar wuta, ba ya saurin lalacewa. Ma'anar wannan ita ce uwa tana iya ba ɗanta shi a ɗakinta.

Gwajin da ya fi kowanne girma ya zo ne a 2005, shekarar da yunwa ta tsananta a Nijar. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta kula da yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a ƙasar a wannan shekara, kaso mai yawa daga cikinsu a jihar Maradi, kuma mafi yawansu ba a kwantar da su ba. Aikin rarrabewa ya faɗa hannun malaman jinya. Su ne suke auna damtsen yaro da igiyar awo mai launi, su danna ƙafa su ga ko akwai kumburi, su ba shi kwaɓin gyaɗar a gabansu su ga ko zai ci. Wanda ya ci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, sai a ba uwar abincin mako guda ta tafi, ta dawo mako mai zuwa a sake awo. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko numfashi sama-sama, shi ake kwantarwa, kuma da zarar ya farfaɗo ya fara ci sai a mai da shi layin masu zuwa daga gida. Kowane awo an rubuta shi a kati, kuma daga waɗannan katuna ne aka fitar da wasu daga cikin alƙaluman da suka gamsar da duniya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan tsari a hukumance. Najeriya ta fara gwada shi a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohin Arewa, har da Sakkwato.

Irin wannan tambaya aka yi game da mata masu yoyon fitsari. An saba barin robar fitsari mako biyu bayan aiki, mace tana kwance tana jira. Wani bincike da aka yi a kan mata 524 a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Nijar da Najeriya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa idan yoyon mai sauƙin gyara ne, kwana bakwai ya wadatar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana bakwai zuwa goma. Mako guda da aka rage yana nufin mace ta koma wurin iyalinta da wuri, wata kuma ta samu gado.

Sakkwato, 2013: magani a hannun uwa

A jiharmu, babban misali shi ne na 2013, lokacin da gwamnatin Sakkwato, tare da shirin TSHIP da Amurka ta tallafa wa, ta fara raba magunguna biyu ga masu haihuwa a mazaɓu 244 na jihar: ƙwayar misoprostol don rage zubar jini bayan haihuwa, da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiyar jariri. Sakkwato ce ta fara yin haka a faɗin jiha a duk Najeriya. Tushen shirin bincike ne da aka yi a ƙauyukan Nepal, aka buga a 2006, sannan na Bangaladash da Pakistan a 2012, waɗanda suka nuna cewa maganin yana rage ruɓewar cibiya. An tsara shirin ne musamman don masu haihuwa a gida, amma ya sauya abin da unguwarzoma take faɗa wa mai jego a ranar sallama. A da takan ce a bar cibiya kawai. Yanzu tana da abin da za ta miƙa, wanda zai maye gurbin toka da man shanu da man goge baki da gashi da tsumma mai zafi.

Amma wannan magani ya zo da wani darasi mai ɗaci. Daga 2015 aka fara samun rahotanni daga ƙasashen Afirka da dama cewa an ɗiga wa jarirai shi a ido, saboda wasu kwalaben sun yi kama da na maganin ido, har wasu jariran suka makance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi na musamman a kan haka. Maganin mai kyau ne, niyyar iyaye mai kyau ce. Abin da ya ɓace shi ne mintuna biyu na bayani a lokacin miƙa shi. Ni dai tun da na karanta wannan gargaɗi ban sake miƙa wannan magani ba sai na ce wa mai karɓa ta nuna mini da yatsa inda za ta shafa.

Mutuwar da ba a ƙirgawa

Akwai wata tambaya da asibitoci suka daɗe ba su yi ba: yaran da muka sallama suna murmushi, nawa ne suke raye bayan wata shida? Wata ƙungiyar masu bincike mai suna CHAIN ta bi yara 3,101 'yan ƙasa da shekara biyu, waɗanda aka kwantar a asibitoci tara a Kenya da Yuganda da Malawi da Burkina Faso da Bangaladash da Pakistan. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya tayar da hankali. Yara 350 suka rasu, kuma kusan rabinsu, kashi 48 cikin ɗari, bayan an sallame su ne. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu tamowa, da waɗanda aka fita da su kafin likita ya amince.

Wani binciken a Kenya da Yuganda, wanda aka buga a 2020, ya duba yara 1,049 da aka kwantar saboda tsananin ƙarancin jini, irin yaran da muke gani kullum a damina ana nema musu jini. An ba rabinsu maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku-uku a mako na 2 da na 6 da na 10 bayan sallama. A cikin wata shida, mutuwa ko sake kwanciya ta ragu da kashi 35 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan shawara ga wuraren da zazzaɓin ya yi yawa. Ba abin da za ka saya da kanka a kemis ba ne. Abin tambaya ne a wurin likita idan an yi wa ɗanka ƙarin jini.

Abin da ya sauya a idon malamar jinya

Wata babbar malamar jinya da muka yi aiki tare, wadda ta taɓa shiga aikin tattara bayanai a kan yara masu tamowa, ta taɓa bayyana mini yadda aikin ya sauya ta. A cewarta, shekara da shekaru tana ɗaukar sallama a matsayin sa hannu a fayil da sauya zanin gado. Da aka ɗora mata aikin kiran iyaye a waya bayan mako biyu, sai ta fara jin abin da ba ta taɓa ji ba: wannan an raba abincinsa da yayyensa, wancan kakarsa ta hana a ba shi magani saboda yana amai, wani kuma ya rasu kwana huɗu da komawa gida, ba wanda ya sanar da asibiti. Daga nan ta daina tambayar uwa ko ta gane, domin kowa zai ce ya gane don kunya. Sai ta koma cewa uwar ta maimaita mata bayanin da bakinta. Ta kuma fara tambayar wa yake yanke hukunci a gidan, domin idan uwa ce ta ji bayani alhali kuɗin mota yana hannun maigida, bayanin bai isa inda ya kamata ba.

Ba ta ɓoye mini wahalar abin ba. Malamar jinya ɗaya da gadaje masu yawa a dare guda ba ta da mintuna ashirin ga kowane mai fita. Lokacin da ake bincike akwai takardu da katin waya da mai duba aiki. Da aka gama sai aka koma 'yar gidan jiya, sai wanda ya riƙe abin a zuciyarsa. Wannan gaskiya ce da ya kamata ka sani, domin tana nuna maka cewa wani kaso na aikin yana wuyanka.

Ni ma na ga nawa. Wata rana wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Jabo ya dawo da mahaifinsa mai hawan jini, jiri yana ɗibarsa, kwana biyar bayan sallama. Da na zazzage ledarsa sai na tarar yana shan maganin da aka ba shi a asibiti, yana kuma haɗawa da tsohon da yake sha a gida. Magani ɗaya ne, kwali ne ya bambanta. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake da shi a gida, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Laifin namu ne mu duka, har da ni da na miƙa ledar. Allah Ya taimaka dattijon ya tashi.

Rabonka a ranar sallama

Mai karatu, daga Tambuwal zuwa manyan asibitocin birnin Sakkwato tafiyar kusan kilomita ɗari ce, daga ƙauyukan Kebbe kuma ta fi haka. Wanda ya manta tambaya ɗaya ba zai juyo cikin sauƙi ba. Saboda haka kafin a naɗe tabarma, ka nemi malamar jinya cikin ladabi, ka zo da wanda zai riƙa ba da maganin a gida, ku tsaya tare.

Ka tambayi sunan ciwon da aka samu, a faɗa maka da Hausa. Ka fito da duk maganin da ake sha a gida, na kemis da na gargajiya, a gaya maka wanda za a ci gaba da shi da wanda za a ajiye. Kowane magani a nuna maka adadinsa da lokacinsa da ranar gama shi, a yi alama a jikin kwalin yadda wanda bai yi boko ba zai gane. Ka tambayi alamomin da idan an gani ba a jiran gari ya waye. Ga yaro, su ne ƙin shan nono ko ruwa, amai bayan duk abin da ya ci, jijjiga, numfashi da sauri, yawan barcin da ba a iya tada shi, da fari fat a tafin hannu. Ga mai jego, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da sarƙewar numfashi. Ka san ranar dawowa, ka kuma tambayi asibiti mafi kusa da ku da za a iya zuwa don awo ko wankin ciwo. Ka riƙe katin sallama kamar yadda kake riƙe takardar gona.

Idan haihuwa ce, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce uwa da jariri su yi aƙalla awa 24 a asibiti, domin a wannan lokaci ne zubar jini da matsalar numfashin jariri suka fi zuwa. 'Yan barka za su iya jira. Idan kuma rashin kuɗi ne yake neman sa ka fita da majinyaci kafin lokaci, kada ka sulale da dare. Ka faɗa wa malamar jinya gaskiya. Sau da yawa akan samu dabarar rage haɗarin, ko da sauya allura zuwa ƙwaya ne ko haɗa ka da asibitin kusa da gida.

Daga ma'aikatan da suka ƙirga ƙwayoyi a lungunan Madras zuwa waɗanda suka auna damtsen yara a Maradi, kusan shekara hamsin aka ɗauka ana tara wannan ilimi, kuma an biya shi da rayukan da ba a rubuta sunayensu ba. Yanzu ya iso tagar da kake karɓar magani. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya kai kowa gida lafiya.